CBT ta manhaja, ta kiran waya ko ido da ido: wanne ya dace da mai ciwon da ake rayuwa da shi?

Ni mai sikila ce, tun ina 'yar wata takwas aka gane, saboda haka ƙarin ruwa da ƙarin jini da kwana a gadon asibiti ba baƙin abubuwa bane a wajena. Abin da ya zo min a baƙo shine wanda ya biyo bayan wata kwanciya da na yi ta sati uku a wani hunturu. An sallamo ni jiki ya yi sauƙi, amma zuciya ta ƙi dawowa daidai. Bacci ya ƙaurace min, ƙafata na ɗan fara zugi sai gabana ya yanke ya faɗi, na daina zuwa biki na daina zuwa islamiyya, har keken ɗinkina na lulluɓe shi da zani na tura bayan ƙofa. Duk wanda ya zo dubiya sai ya ce ki yi haƙuri ki yi tawakkali, kuma wallahi ina yi, sallah ba ta wuce ni, amma abin yana nan a ƙirji kamar an ɗora min dutse. Likitar jinin da ke duba ni ce ta fara ce min wannan ciwon damuwa ne haɗe da fargaba, kuma akwai jinyar da ake yi masa da magana, ana ce mata CBT.

Daga lokacin zuwa yau na gwada ta ta hanya uku, wata guda kuma na bi diddiginta sosai duk da ban samu shiga ba. Tunda a layin kilinik ana yawan tambayata wacce ta fi, bari in baje su yadda na gansu, kowa ya ɗauki wadda ta yi daidai da ciwonsa da aljihunsa.

Da farko CBT ɗin nan ba nasiha bace, ba kuma zaman kai kuka bane. Wani likitan ƙwaƙwalwa na Amurka mai suna Aaron Beck ne ya tsara ta a shekarun 1960 a jami'ar Pennsylvania, bayan ya lura masu ciwon damuwa suna da wasu tunani da ke faɗo musu a rai da kansu cikin sauri, su kuma sai su karɓe su a matsayin gaskiya ba tare da sun bincika ba. Jinyar ita ce a koya maka kama tunanin nan, ka auna shi, sannan ka canza abin da kake aikatawa saboda shi. Tana da farko tana da ƙarshe, yawanci zama 5 zuwa 20, sau ɗaya a sati, kuma rabin aikin ko fiye a gida ake yinsa tsakanin zama da zama. Wanda ba zai yi aikin gida ba, ko a Landan aka kai shi ba zai ga amfaninta ba.

Ga yadda abin yake a aikace. Ina da littafi irin na 'yan makaranta, na raba shafi gida huɗu. Wata asuba sanyi ya shigo, gwiwata ta hagu ta fara zugi, a gida na farko na rubuta haka kawai. A na biyu na rubuta abin da ya faɗo min: shikenan ciwo ya tashi, gado za a ba ni, kuɗin Baba za su sake ƙarewa, ni kaya ce a gidan nan. A na uku na ba tsoron maki, 9 cikin 10. Gida na huɗu shine wajen aiki, na zauna na ƙirga sau goma na baya da gwiwa ta yi min haka, sau nawa aka kai ni asibiti? Sau uku. Sauran bakwai ruwan ɗumi da shan ruwa da magani da lulluɓa suka kwantar da shi. Maganar ni kaya ce kuma, waye ya ɗinka wa ƙannena kayan sallah shekara huɗu a jere? Tsoron bai tafi ba amma ya sauko zuwa 5, kuma a 5 mutum yana iya tashi ya ɗora ruwa ya sha magani a kan lokaci, a 9 kuwa kwanciya nake ina kuka jikina duk a ɗaure, ciwon ya ƙara samun wajen zama.

Kar wani ya ɗauka ana cewa ciwon a kai yake. A'a. Jinina bai canza ba, kuma ba zai canza da magana ba. Mai ciwon suga ma kar ya sa rai CBT ita kaɗai za ta sauke masa suga, binciken da aka yi a kan haka sakamakonsa bai tsaya waje ɗaya ba. Inda take aiki shine damuwa da fargaba da rashin bacci da yadda ciwo ke hana mutum harkokinsa, kuma ko a nan taimakon matsakaici ne, a kan zafin ciwon kansa ƙarami ne. Amma matsakaicin nan yana da girma a wajenmu, domin hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Birtaniya tun 2009 ta bayyana cewa masu ciwon da ya daɗe a jiki sun fi sauran mutane kamuwa da ciwon damuwa ninki biyu zuwa uku, kuma wanda damuwa ta danne shine ke tsallake magani, ya ƙi zuwa kilinik, ya ce komai ta fanjama fanjam.

Toh hanya ta farko, manhajar da kake yi kai kaɗai babu kowa a bayanka. Ita na fara gwadawa saboda ba sai na faɗa wa kowa ba, ba kuɗin mota, ƙarfe biyun dare ma in bacci ya ƙi sai in buɗe. Kwana uku na farko na ji daɗinta ƙwarai, don a nan na fara ganin an rubuta ainihin abin da nake ji. Kwana na tara ciwo ya tashi, na yi kwana biyar ban taɓa waya ba, da na warware kuma babu wanda ya tambaye ni ina aka tsaya, sai na ji nauyin komawa, shikenan ta mutu a nan. Na daɗe ina ganin laifina ne sai daga baya na gane haka take yi wa yawancin mutane. A Ingila an yi wani gwaji da aka buga a 2015 da mutum 691 masu ciwon damuwa, aka ba wasu shirin CBT na kwamfuta mai suna moodgym na jami'ar ƙasa ta Ostareliya, wasu aka ba su wani irinsa mai suna Beating the Blues, wasu kuma kulawar likitansu ta yau da kullum kawai. Waɗanda suka kammala darussan ko ɗaya cikin biyar ba su kai ba, kuma a ƙarshe masu kwamfutar ba su fi waɗanda aka bari da kulawar likitansu kawai ba. Ba wai darussan ne ba su da kyau ba, ba a yinsu ne. Ciwon damuwa kansa shi ke cinye kuzarin da za ka buɗe darasi, balle a haɗa da ciwon jiki.

Amma akwai abin da ya fi wannan damuna game da manhajojin nan, dan Allah a karanta nan da kyau. Yawancinsu an rubuta su ne don mai lafiyar jiki wanda fargaba ce kawai matsalarsa. Irin wannan mutumin in ƙirjinsa ya ɗaure numfashi ya yi masa wuya, daidai ne a ce masa ka zauna ka ja numfashi a hankali, tsoro ne zai wuce. Ni in ƙirjina ya ɗaure ga zazzaɓi ga numfashi na sama-sama, wannan na iya zama ciwon ƙirjin masu sikila da ke kashe mutum cikin kwana kaɗan, asibiti ake gudu ba numfashi ake ƙirgawa ba. Mai ciwon suga da ke allurar insulin in ya ji karkarwa da gumi da zuciya na dukan uku-uku, alamomin fargaba kenan sak, amma kuma su ne alamomin suga ya faɗi ƙasa, abin da ya kamata shine ya gwada ya sha abu mai zaƙi nan take. Mai asma haka, mai ciwon zuciya haka. Manhaja za ta ce maka ka yawaita shan ruwa, alhali mai wankin ƙoda aune masa ruwa ake yi. Za ta ce ka fita gudu da safe, ni kuwa gudu a sanyin asuba gadon asibiti ne. Manhajar ba ta san kai waye ba, kuma ba za ta tambaya ba. Saboda haka duk wanda zai yi ta, ya fara zama da likitansa su rubuta a takarda: waɗannan alamomin in na gani asibiti kai tsaye, waɗannan kuma zan iya jira in lura. Takardar nan ita ce gaba da duk abin da waya za ta faɗa.

Sai maganar sirri. Abin da za ka rubuta a ciki ba ƙaramin abu bane, musamman mai cuta mai karya garkuwar jiki ko mai ciwon da ko danginsa ba su sani ba. A 2023 hukumar kasuwanci ta Amurka ta sa kamfanin BetterHelp mai jinyar magana ta intanet biyan dala miliyan 7.8 kan zargin miƙa bayanan masu neman taimako ga irin su Facebook da Snapchat don talla. Kuma manhaja na iya rufewa kana tsakiyar amfani da ita, Woebot da aka yi ta yayi ta rufe a 2025. Su kuma manhajojin hira na AI da yanzu kowa ke kai musu kuka, suna iya yi maka bayanin dabara ko su taya ka tsara tambayoyin da za ka yi wa likita, amma ba su riƙe da katinka, ba za su neme ka ba in ka ɓace, kuma suna iya faɗin kuskure da cikakken ƙarfin gwiwa. Ni ban lissafa su cikin jinya ba.

Hanya ta biyu ita ce wadda nake jin da ana samunta a nan da ita zan fara nuna wa kowa, wato darussa a intanet amma da mutum a bayanka. Kana karanta darasi ɗaya a sati ko sati biyu, ka yi aikin gida, sai wani ma'aikaci ya kira ka ko ya turo saƙo na minti goma zuwa ashirin, ya duba abin da ka yi, ya warware maka inda ka maƙale. Ƙasar Suwidin ta yi nisa a wannan tun farkon shekarun 2000. A Ostareliya jami'ar Macquarie da ke Sidni ta tsara kwas na musamman don masu ciwo mai daɗewa, darasi 5 cikin sati 8, akwai na masu zugin jiki akwai na masu cututtuka irin su suga da zuciya da sauransu, asibitinsu na intanet MindSpot kuma kyauta ne ga mazauna ƙasar. Jami'ar Regina a Kanada ta ɗauki irin kwas ɗin tana ba mutanen lardin Saskatchewan. A Ingila shirin da aka fara a 2008, wanda tun 2023 ake kira NHS Talking Therapies, yana da ɓangaren masu ciwo mai daɗewa, mutum na iya rubuta kansa ba sai likita ya tura shi ba, kuma wurare da yawa suna amfani da shirin intanet mai suna SilverCloud. Wani babban nazari na 2021 da ya haɗa bayanan mutum sama da dubu takwas masu ciwon damuwa ya nuna mai jagora ya fi mara jagora amfani, musamman in damuwar ta kai matsakaiciya zuwa sama, in kuwa 'yar kaɗan ce kusan ɗaya suke.

Matsalar kawai, duk waɗanda na lissafa na mazauna ƙasashensu ne, suna tambayar adireshi ko likitan unguwa, kuma ban da na Suwidin duk da Turanci suke. In kana da ɗan uwa a can mai fama da ciwo, tura masa sunayen nan yau. Mu na gida kuwa abin da ke ba ni fata shine na Lebanon, inda hukumar lafiya ta duniya da ma'aikatar lafiyar ƙasar suka yi Step-by-Step da Larabci, darasi 5 a waya, mai taimakon kuma ba likita bane, mutum ne da aka horar yana kira kamar minti 15 a sati, kuma gwajin da aka yi har da 'yan gudun hijirar Siriya ya nuna yana rage damuwa. Abin da aka iya yi a ƙasar da ke cikin wannan matsi, ban ga dalilin da ba za a yi shi da Hausa ba, a Najeriya da ake haifar jarirai masu sikila kusan 150,000 duk shekara.

Hanya ta uku, ido da ido a asibiti. Gaskiya akwai abin da zama a gaban mutum ke bayarwa wanda waya ba ta bayarwa. Ranar farko ban ce komai ba na kusan minti biyar, mai duba ni ya lura hannuna na rawa, ya lura na rame, ya lura da yayata da ta rako ni ita ke amsa duk tambayar da aka yi min, sai ya ce Hajiya ko za ki ɗan jira mu a waje, a nan bakina ya buɗe. Kuma fayil ɗina yana nan a asibitin, in yana son sanin wani abu game da jinina ko maganina, tambaya ce kawai. Ana samun masu yin wannan aiki a asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano da na Shika da na Jos, da asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Barnawa a Kaduna da Kware a Sakkwato da na Maiduguri da Dawanau. Sai dai a kula, in ka ce likitan ƙwaƙwalwa kake so, galibi magani zai rubuta maka, don su kaɗan ne, adadin da ake yawan ambata a Najeriya duka bai kai 300 ba, ga layi har bakin ƙofa. Wanda ke zama da kai minti arba'in yana CBT yawanci saikolojis ne na asibiti, wato masanin halayyar ɗan Adam, shi za ka ce a tura ka wajensa.

Abin da ya kayar da ni a wannan hanyar jiki ne da hanya. Adaidaita biyu zuwa biyu dawowa, fita da sassafe cikin sanyin da shine babban makiyina, zaman benci awa uku kafin a kira ni, wata ranar ma in je a ce bai shigo ba. Cikin zama takwas da aka tsara huɗu na samu, kuma tsakanin wani da wani har wata guda, abin da aka koya min ya riga ya huce. Ga kuma idon jama'a, wata maƙwabciyarmu ta gan ni a ɓangaren, kafin sati ya zagayo an ce sikilar ta taɓa min kai. Budurwa mai sikila dama maganar aurenta a kan siraɗi take, kowa ya san abin da irin wannan magana ke jawowa.

Ta huɗu ita ce ta zauna min: saikolojis na gaske, amma ta kiran waya, wani lokacin bidiyo. Likitar jinina ce ta haɗa ni da wata da ke aiki a wani gari, duk Talata bayan la'asar minti arba'in da biyar. Aikin gida in rubuta a littafi in ɗauki hoto in tura mata ta WhatsApp kafin ranar. Mun fara da bidiyo, sabis ya dinga yankewa ana tsakiyar magana mai nauyi, data na tafiya, sai muka koma kiran murya zalla kuma ban ga abin da ya ragu ba, ni ma na fi sakewa da ba a kallon fuskata. Akwai gwajin da ya goyi bayan haka, a Ingila a 2019 da mutum 558 masu ciwon hanjin nan mai murɗa ciki da ake kira IBS wanda magani ya kasa, an gwada CBT ta kiran waya da ta shafin intanet mai ɗan jagora, bayan shekara guda duka biyun sun fi kulawar yau da kullum, na kiran wayar kuma ya ɗan fi.

A wajenta na koyi abin da ya fi komai yi min amfani, wato auna aiki. Da can in na tashi da sauƙi sai in ce yau zan rama, in yi wanki in yi shara in zauna kan keke har magariba, washegari in kwanta kwana uku. Ta sa na auna minti nawa nake iya ɗinki kafin baya ya fara magana, muka samu kamar arba'in, ta ce to ki yi talatin ki tashi ko da kina jin daɗin aikin, ki sha ruwa ki miƙe, ranar sauƙi da ranar wuya duk talatin. Da farko na ji haushi, ina gani da sauran ƙarfi a jikina. Bayan wata biyu na ƙirga kayan da na ɗinka sun fi na lokacin da nake ramuwa.

Ita ma hanyar tana da nata. Kuɗi ne, don zaman saikolojis mai zaman kansa ba arha bane, kuma sau takwas ko goma za ka biya ba sau ɗaya ba, a yi lissafin duka tun farko kar a tsaya a tsakiya. Sai wajen magana, a gidan yawa ina za ka samu minti arba'in babu mai shigowa? Ni ɗakin Inna nake shiga in ta tafi islamiyya in sa abin kunne. Matar aure da ke zaune da dangin miji ko da abokiyar zama, ko wadda maigida ke duba wayarta, ta yi tunanin wannan kafin ta fara, wata kam zuwa asibitin ya fi mata sirri. Na uku kuma 'yan damfara, intanet cike yake da masu kiran kansu masu ba da shawara bayan kwas na sati biyu. Ni shawarata kar ka ɗauko daga talla, likitan da ke duba ciwonka ko sashen ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa su haɗa ka.

Harshe ma ba ƙaramin abu bane. Ina jin Turanci daidai gwargwado amma tunanin da ke tashina tsakar dare da Hausa yake zuwa, kuma in na juya shi zuwa Turanci sai ya yi sanyi ya zama kamar ba nawa ba. Wadda ke jin Hausa ta san nauyin a ce wa mutum ɗan wahala, ta san me ake nufi in uwa ta ce da na sani, ta kuma san ba za ta ce min in ajiye ƙaddara gefe ba. Abin da saikolojis ɗina ta tambaye ni shine, yarda da ƙaddara ce ta ce ki daina zuwa islamiyya ko tsoro ne? Na yi shiru don na san amsar. Ga iyayenmu da ba sa karatun boko kuwa, manhaja da darussan rubutu duk sun fita daga lissafi, kiran murya ne ko ido da ido, aikin gidan a yi shi da saƙon murya.

Toh wanne za ka ɗauka? Fara da auna nauyin abin. Akwai tambayoyi tara da ake kira PHQ-9, maki daga 0 zuwa 27, likita ko nas na iya yi maka cikin minti biyar. Ƙasa da 10 damuwar mai sauƙi ce, a nan manhaja ko littafi na iya isa in kana da wanda zai dinga tambayarka duk sati ina aka kwana, ko ƙanwarka ce. Daga 10 zuwa 19 a nemi mutum ƙwararre, ta waya ko ido da ido, wanda za ka iya riƙewa duk sati ba fashi shine naka. Daga 20 zuwa sama, ko kuma a kowane maki in tunanin kashe kai ya fara zuwa, ko mutum ya daina ci, ko ya daina shan maganin da ke riƙe da ransa da gangan, ko yana jin muryoyi, wannan ba na waya bane sam, a kai shi asibiti a ranar, kar a bar shi shi kaɗai. Abu ɗaya a lura, tambayoyin sun haɗa da gajiya da bacci da cin abinci, mu kuwa ciwon jiki kaɗai na iya ɗaga mana waɗannan, don haka a bar ma'aikacin lafiya ya fassara makin.

Irin ciwon ma yana da ta cewa. Mai wankin ƙoda da ke zuwa sau biyu ko uku a sati yana kwanciya awa huɗu a jikin inji, ƙara masa wata tafiyar asibiti zalunci ne, waya ta fi masa, ko a nemi mai zuwa wajen injin. Mai shan maganin ciwon daji da garkuwarsa ta yi ƙasa, zaman benci cikin masu tari ba alheri bane, shi ma waya. Wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki har ta taɓa magana ko tunani, ido da ido tare da mai jinyarsa. Wanda matsalarsa bacci ce kawai, akwai CBT ta bacci ta musamman, kuma a nan ne manhaja ta fi yin abin kirki, NICE ma ta amince da wata manhajar bacci mai suna Sleepio a 2022. 'Yan uwana masu sikila da allurar penta ko tramadol ta fara fin ƙarfinsu, na san muna da su kuma ba na ganin laifin kowa don na san zafin da ya kai mutum can, wannan sai ido da ido inda likitan jini da na ƙwaƙwalwa za su haɗa hannu.

Kafin komai kuma a duba jiki. Ƙarancin jini da matsalar tayirod, wato halittar nan da ke gaban wuya, suna kawo kasala mai kama da damuwa, maganin prednisolone na iya juya yanayin mutum, efavirenz na masu cuta mai karya garkuwar jiki na kawo munanan mafarkai da damuwa ga wasu. In likita ya ga a haɗa da maganin damuwa ba gazawa bace, sau da yawa haɗin biyun ya fi, amma sai an yi sati biyu zuwa shida kafin a ji aikinsa, kuma a faɗa masa duk abin da ake sha, don irin su fluoxetine da sertraline ba sa jituwa da tramadol, in aka haɗa su da diclofenac ko ibuprofen kuma haɗarin zubar jini a ciki na ƙaruwa. Kar a saya a kemis da kai.

In ka samu wanda za ka yi da shi ta waya, a kiran farko ka tambaye shi me ya karanta kuma a wane asibiti yake aiki, ya taɓa duba mai irin ciwonka, zama nawa yake ganin za a yi, akwai aikin gida, zai yarda ya yi magana da likitanka, hotunan littafinka da saƙonninka ina suke tafiya. In ya ce babu aikin gida to ba CBT yake yi ba. In ya ce ka ajiye maganinka, kashe wayar. Sannan ka tambaye shi abin da mu kaɗai ke tunawa da shi, in aka ba ni gado a tsakiya yaya za a yi da zaman da na biya? Ni a sati na shida aka kwantar da ni, ranar Talata bayan la'asar sai ga kiranta ina kwance da ƙarin ruwa a hannu, ta ce yau babu darasi babu littafi, ta yi minti goma tana bi da ni numfashi a hankali har nas ta zo da allura, zaman kuma ta ɗaga shi zuwa Talatar da ta biyo bayan sallamata.